Zaɓen Kayan Aikin Tsara Saƙonni da Saita Lokacin Fitarsu a Intanet

1.0 Gabatarwa

Tun daga watan Maris na shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a Nijeriya da sauran ƙasashe, aikin malami ya ƙara faɗi. Bayan allo da alli, a yanzu akan buƙaci malamin Hausa ya aika wa ɗalibansa darasi ta waya, ko ya kula da shafin makaranta, ko kuma a ɗora masa nauyin shafin Ƙungiyar Hausa. Da yawa daga cikin irin waɗannan shafuka sukan fara da zafinsu, a yi mako biyu ana wallafa karin magana da kacici-kacici safe da yamma, daga nan kuma sai a ji tsit. Idan aka bincika, sai a tarar mai kula da shafin ya shiga jarrabawa, ko an kwana uku babu wutar da zai yi caji, ko kuma an tura shi gwajin koyarwa wani ƙauye da babu sabis. Masu bin shafin kuwa, da zarar sun leƙa sau biyu sau uku ba su ga sabon abu ba, sai su daina zuwa, kuma dawo da su ya fi tara su wuya.

A wannan babi za a yi bayanin kayan aikin da ake amfani da su domin tsara abin da za a wallafa, da waɗanda ke sakin saƙo a lokacin da aka ƙayyade musu, sannan a duba abubuwan da ya kamata malami ya auna kafin ya zaɓi ɗaya daga ciki. Ya kyautu ɗalibi ya lura cewa kalmar “manhaja” tana da ma'ana biyu a Hausar yau. Akwai manhajar karatu, wadda malamai suka sani tun da daɗewa, akwai kuma manhajar waya ko ta kwamfuta. Duk inda aka ce “manhaja” kawai a wannan babi, ta biyun ake nufi.

2.0 Ma'anar Tsarawa da Saita Lokaci

Idan aka ce tsarawa, ana nufin yanke shawara tun da wuri a kan abin da za a wallafa, da ranar da zai fita, da wanda zai rubuta, da kuma wanda zai duba shi kafin ya fita. Saita lokaci kuwa shi ne a rubuta saƙo a gama, a miƙa shi ga na'ura tare da umarnin ta sake shi ranar kaza da ƙarfe kaza, ko da mai shi yana barci. Na farko ya yi kama da tsarin aikin zango da malami ke fitarwa daga manhajar karatu. Na biyu ya yi kama da aikin mai buga ƙararrawa, wanda ba ruwansa da abin da za a koyar a aji, shi dai idan lokaci ya yi ya buga. Ayyuka biyu ne daban, kuma sau da yawa kayan aikin da ya ƙware a ɗaya bai iya ɗayan sosai ba. Rashin bambance su shi ke sa mutum ya sayi manhaja mai tsada, alhali abin da ya rasa shi ne jadawali.

3.0 Ire-iren Kayan Aikin

3.1 Kayan Tsarawa

Mafi sauƙin kayan tsarawa shi ne littafin rubutu da aka zana wa layuka. Wannan ba abin rainawa ba ne, domin ba ya neman caji, ba ya cin data. Aibinsa ɗaya ne, wato mutum ɗaya ke iya riƙe shi a lokaci guda. Idan masu aikin sun kai uku ko huɗu, kuma ba a wuri ɗaya suke ba, gara a koma ga jadawalin Google Sheets, wanda kamfanin Google ya fitar a shekarar 2006, domin kowa zai iya buɗe shi daga wayarsa ya ga gyaran da wani ya yi. Akwai kuma Google Calendar, wadda ke tunatar da mutum ranar aiki, da Trello, wadda ta fito a 2011, inda ake rubuta kowane aiki a kan kati ana matsar da shi daga rukunin “ana rubutawa” zuwa “an duba” zuwa “an wallafa”. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka gina domin sakin saƙo. Aikinsu shi ne kowa ya san abin da ke gabansa.

3.2 Kayan da ke Cikin Kafar Kanta

Yawancin manyan kafofin sada zumunta suna da hanyar saita lokaci a cikinsu, kuma kyauta ce. Facebook ya ba masu shafuka wannan dama tun shekarar 2012, sannan a 2020 ya fitar da manhajar da a yanzu ake kira Meta Business Suite, wadda ke haɗa shafin Facebook da asusun Instagram wuri guda, tare da kalandar da ke nuna abin da aka jera. A watan Nuwamba na 2022 Instagram ya ba masu asusun sana'a damar saita saƙo daga cikin manhajarsa har zuwa kwana 75 gaba. A YouTube, mutum yakan ɗora bidiyo ya bar shi a ɓoye, ya sa masa rana da sa'ar da zai bayyana ga jama'a. Telegram ta ƙaro wannan dama a 2019, inda ake danne maɓallin aikawa na ɗan lokaci sai zaɓin rana ya fito. A shekarar ce kuma Gmail ya fara barin a saita lokacin fitar wasiƙa.

Ga malami, akwai wasu biyu da suka fi kusa da aikinsa. Google Classroom, wadda aka buɗe a 2014, tana barin malami ya rubuta aikin gida ko sanarwa ya saita ranar da ɗalibai za su gani. Moodle kuwa, wadda Martin Dougiamas ɗan ƙasar Ostireliya ya fitar a 2002, kuma jami'o'i da kwalejoji da dama ke amfani da ita, tana barin a ɗora darussan zango gaba ɗaya a kulle, kowanne ya buɗe a makonsa, a kuma sa wa gwaji sa'ar buɗewa da ta rufewa.

3.3 Kayan 'Yan Tsakani

Rukuni na uku shi ne manhajojin wasu kamfanoni daban, waɗanda ke tsayawa tsakanin mai rubutu da kafofin. Fitattu daga cikinsu su ne Hootsuite, wadda Ryan Holmes ya kafa a birnin Vancouver na ƙasar Kanada a 2008, da Buffer, wadda Joel Gascoigne ya fara a Ingila a 2010. Amfaninsu shi ne a rubuta saƙo sau ɗaya a tura shi kafa uku ko huɗu, a kuma ga rahoton duka a allo ɗaya.

Yana da muhimmanci a fahimci yadda suke aiki, domin daga nan rauninsu yake. Kowace kafa tana da wata ƙofa da ta buɗe wa manhajojin waje. Idan mutum ya haɗa shafinsa da Buffer, alal misali, Facebook zai tambaye shi ko ya yarda, idan ya amsa sai a ba Buffer wani mabuɗin izini da za ta riƙa wallafawa da sunansa. Wannan mabuɗi yakan ƙare bayan wani lokaci, ko ya daina aiki idan aka canza kalmar sirri, sai saƙonni su maƙale har sai an sake haɗawa. Daɗin daɗawa, mai ƙofar yana iya rufe ta duk ranar da ya ga dama. A watan Agusta na 2018 Facebook ya hana manhajojin waje wallafawa a asusun mutum na kansa, ya bar shafuka da zauruka. A watan Afrilu na 2024 ya rufe ƙofar da suke bi su wallafa a zaurukansa. Twitter kuma, wanda aka sauya wa suna zuwa X, ya daina ba da ƙofarsa kyauta kamar da a 2023, kuma a shekarar ce TweetDeck, wadda 'yan jarida suka daɗe suna amfani da ita ba tare da biya ba, ta koma X Pro ta masu biyan kuɗi. Ashe ke nan ɗan tsakani ɗan haya ne a gidan wani, wanda kuma ya dogara da shi sai ya san da haka.

4.0 Abubuwan Aunawa Kafin Zaɓe

4.1 Ina Masu Karatun Suke?

Wannan ita ce tambayar farko, kuma ita ce aka fi tsallakewa. Manhajar da ke iya wallafawa a kafa goma ba ta da wani amfani ga malamin da iyayen ɗalibansa duk a WhatsApp suke. A nan ne kuma matsala take, domin har zuwa shekarar 2024 WhatsApp ta gama-gari ba ta da maɓallin saita lokacin saƙo irin na Telegram. Wannan giɓi ya sa aka sami ƙananan manhajoji masu alkawarin cike shi. Yadda suke yi shi ne su nemi izinin sarrafa allon wayar, idan lokaci ya yi su buɗe WhatsApp su danna maɓalli kamar yadda yatsa zai yi. Saboda haka dole wayar ta kasance a kunne, da caji, da data, sau da yawa ma ba a kulle ba. Haka kuma manhajar da aka ba irin wannan izini tana iya ganin abin da ke bayyana a allon. Su kuwa jabun WhatsApp da ake turawa daga waya zuwa waya, kamfanin ya haramta su, kuma yakan rufe lambar da ya kama tana amfani da su. Malamin da zauren iyayen yara ke hannunsa bai kamata ya yi wannan kasada ba. Ya fi masa alheri ya shirya saƙonninsa a jadawali, ya sa ƙararrawar tunatarwa, idan ta kaɗa ya kwafa ya aika da hannunsa.

A kuma tuna cewa Facebook da Instagram ba su yarda wanda bai kai shekara 13 ba ya buɗe asusu. Ɗaliban firamare da da yawa daga 'yan ajin farko na ƙaramar sakandare ba su kai ba. Saƙon da aka yi dominsu a wayar uba ko uwa ko yaya zai sauka, don haka lokacin da mai wayar ke gida shi ne lokacin da ya dace.

4.2 A Ina Saƙon ke Jira?

Saƙon da aka saita ko dai yana jira a cikin wayar mai shi, ko kuma a manyan kwamfutocin kamfanin. Bambancin babba ne a wurin da wuta da sabis ba su da tabbas. Idan a kwamfutocin kamfani yake, kamar yadda yake a Meta Business Suite da YouTube da Telegram da Buffer, to malami zai iya shiga gari ranar Asabar, ya ɗora aikin mako guda inda sabis ke da ƙarfi, ya koma ƙauye ya kashe wayarsa, saƙonni su ci gaba da fita. Sai dai a lura, wasu manhajojin 'yan tsakani, ga wasu nau'o'in saƙo, tunatarwa kawai suke aikowa waya, mutum ne zai ƙarasa wallafawa. Wajibi ne a tantance wanne ne kafin a dogara.

Makarantar da ke da shafinta na intanet da aka gina da WordPress tana da wani abin lura na daban. WordPress ba ya duba agogo da kansa. Sai wani ya ziyarci shafin sannan yake farkawa ya duba ko akwai aikin da lokacinsa ya yi. A shafin da ba a cika shiga ba, sanarwar da aka saita wa ƙarfe 6 na safe tana iya makara, ko a tarar an rubuta cewa lokacinta ya wuce ba ta fita ba. Mai kula da shafin zai iya gyara wannan daga wajen kamfanin da ke riƙe da shi, amma sai an san da matsalar tukuna.

4.3 Kuɗi

Manhajojin 'yan tsakani da dala ake biyansu, wata-wata ko shekara-shekara. Kafin watan Yuni na 2023 ana canza dala ɗaya a kan kimanin naira 460 a farashin hukuma. Zuwa watan Fabrairu na 2024 ta haura naira 1,500. Ma'ana, manhajar dala 6 a wata ta tashi daga wajen naira 2,760 zuwa naira 9,000 ba tare da kamfanin ya ƙara ko sisi ba. An kuma sha wahalar biyan, domin a 2022 bankuna da dama a Nijeriya sun taƙaita ko sun dakatar da sayayyar ƙasashen waje da katin naira. Ƙungiyar ɗalibai da ke rayuwa da kuɗin rajista ba za ta iya ɗaukar nauyin da ba ta san yadda zai kasance baɗi ba.

Tsarin kyauta ma ba shi da tabbas. Hootsuite ta yi shekaru tana da shi, sannan ta soke shi a 2023. Buffer, a shekarar 2024, tana barin mai tsarin kyauta ya haɗa kafa uku, ya jera saƙo goma a kowace. Wannan ya ishi ƙaramin shafi, amma hikima ita ce kada asalin rubutun ya zauna a cikin manhajar kaɗai. A ajiye shi a jadawali, ta yadda ko an wayi gari an rufe ƙofa, aikin zango bai salwanta ba. Google+ da aka rufe a 2019 ya tafi da rubuce-rubucen mutanen da ba su kwashe nasu ba.

4.4 Haruffan Hausa

Wannan shi ne ma'aunin da babu wani kamfani da zai auna wa malamin Hausa, sai shi da kansa. Haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar a madadin 'y, duk suna da gurbinsu a tsarin Unicode, kuma manyan kafofin suna nuna su daidai. Ɓarnar takan faru ne a hanya. Wuri na farko shi ne wajen ɗora saƙonni da yawa a lokaci guda. Wasu manhajoji suna barin a rubuta saƙo hamsin a jadawali a ɗora su tashi ɗaya a fayil nau'in CSV. Idan ba a adana fayil ɗin da tsarin UTF-8 ba, haruffan nan sukan koma alamar tambaya ko wasu baƙaƙe marasa ma'ana. Wuri na biyu shi ne rubutun da ake ɗorawa a kan hoto, domin da yawa daga salon haruffan ado ba su da masu ƙugiya, sai a ga ɗan akwati a gurbin harafin, ko a ga harafin ya bambanta da 'yan'uwansa. Wuri na uku shi ne gajeren saƙon waya da makarantu ke aika wa iyaye. Saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar an sa harafi mai ƙugiya ko da guda ɗaya ne, sai tsarin ya sauya ya koma harafi 70, kuɗin aikawa ya ninka.

Wasu sukan guje wa wahalar ta hanyar zubar da ƙugiyar baki ɗaya. Ga mai sayar da atamfa wannan wataƙila ba komai ba ne. Ga shafin da ke ɗauke da sunan Sashen Hausa kuwa abin kunya ne, tun da kowane ɗalibin aji ɗaya an koya masa bambancin “bari” da “ɓari”, da “kafa” da “ƙafa”, da “daki” da “ɗaki”. Malamin da ya cire maki a kan wannan kuskure ranar Litinin, bai kamata shafinsa ya wallafa shi ranar Talata ba. Hanyar gwaji mai sauƙi ce. A rubuta jimla ɗaya mai ɗauke da dukkan haruffan, manya da ƙanana, a saita ta ta fita bayan minti ashirin ko talatin, sannan a duba ta a waya biyu ko uku mabambanta, har da tsohuwar waya irin wadda iyaye da yawa ke riƙewa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Tun daga 2023 da yawa daga manhajojin nan sun ƙaro mataimaki na ƙirƙirarriyar basira mai rubuta wa mutum saƙo. Hausar da yake fitarwa takan zo da ƙamshin fassara, wani lokaci da karin maganar da babu Bahaushen da ya taɓa jin ta. Duk abin da ya fito daga nan sai malami ya bi shi kalma-kalma, kuma samuwar wannan mataimaki ba dalili ba ne na fifita wata manhaja a kan wata.

4.5 Agogo da Kalanda

Kowace manhaja tana da agogon da take bi, kuma ba lallai ne ya zama na garin mai ita ba. Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna gaba da agogon GMT da awa ɗaya. Ghana tana kan GMT daidai, Sudan tana gaba da awa biyu, Saudiyya da awa uku. Sabon shafin WordPress yakan zo a kan GMT, don haka idan ba a gyara ba, abin da aka saita wa ƙarfe 7 a Kano sai ƙarfe 8 zai fita. Wani kuskuren da ake yi shi ne zaɓen agogon Landan, saboda an ga ya yi daidai da na gida. Daidai ne daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, amma daga nan Ingila takan mayar da agogonta baya da awa ɗaya. Abin da ya dace a zaɓa shi ne Legas ko Yamai.

Manhajoji da yawa suna ba da shawarar “lokaci mafi dacewa”. Idan daga mabiyan shafin aka ciro shawarar, tana da amfani. Idan kuwa daga ɗabi'ar ma'aikatan ofis na Amurka da Turai aka ciro ta, ba ta san lokacin Juma'a ba, ba ta san cewa da damina mutanen karkara suna gona tun da sassafe ba, ba ta kuma san yadda azumi ke mayar da hira bayan tarawihi da lokacin sahur ba. Malami ya fi manhajar sanin mutanensa.

Kalandar ma haka take. Ranar Harshen Uwa ta Duniya, 21 ga Fabrairu, da Ranar Hausa, 26 ga Agusta, tsayayyu ne, ana iya saita saƙonsu tun da wata guda, don ba a fafe gora ranar tafiya. Amma farkon azumi da ranar Ƙaramar Salla sun dogara ne da ganin wata, kuma a Nijeriya ana jiran sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi. Ba kuma kullum Nijeriya da Nijar ke yin salla rana ɗaya ba. Irin wannan saƙo a rubuta shi a ajiye a matsayin daftari, kada a sa masa rana sai an ji sanarwa.

4.6 Dakatarwa

Na'ura ba ta san an yi rasuwa ba. Idan aka jera barkwanci na ranar Laraba, aka kuma wayi gari Laraba da rasuwar wani malami ko wani ibtila'i a gari, barkwancin zai fita a kan lokacinsa, kuma mutane ba za su ce laifin na'ura ba ne. Saboda haka a duba ko manhajar tana da hanyar tsayar da duk abin da aka jera da dannawa ɗaya daga waya. Buffer tana da irin wannan maɓalli. Inda babu, sai an bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, wanda hakan dalili ne na kada a jera abin da ya wuce mako biyu ko uku.

Akwai kuma tsayawar da ba mai shafi ne ya so ta ba. Daga watan Yuni na 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnatin Nijeriya ta dakatar da Twitter. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. Ranar 4 ga Oktoba na shekarar, Facebook da Instagram da WhatsApp sun ɗauke na kimanin awa shida a duniya baki ɗaya. Sanarwa mai nauyi, irin ta ranar jarrabawa ko ta komawa makaranta, kada a bar ta ga kafa ɗaya. Allon sanarwa na makaranta yana nan da amfaninsa.

4.7 Mallakar Asusu da Amanar Yara

Shafukan ƙungiyoyin ɗalibai da yawa sun mutu ne ranar da sakataren da ya buɗe su ya kammala karatu ya tafi da kalmar sirri. Wani lokaci ma lambar wayar da aka yi rajista da ita ta daɗe ba a amfani da ita har kamfani ya sayar wa wani. Kayan aiki nagari shi ne wanda ke barin a ba mutane matsayi daban-daban, kowa ya shiga da nasa asusun, wani ya rubuta kawai, wani ya amince, wani ya riƙe cikakken iko. Shafin Facebook yana da wannan tsari kyauta, alhali a yawancin 'yan tsakani sai an biya. Ya kamata cikakken iko ya kasance a hannun mutum biyu aƙalla, ɗayansu malami ne na dindindin a sashen. Duk manhajar da ta nemi a rubuta mata kalmar sirrin Facebook ko ta Instagram kai tsaye, maimakon ta tura mutum can ya ba da izini, a guje ta.

Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta wajabta neman yardar iyaye ko waliyyi kafin a sarrafa bayanan yaro. Hoton ɗalibi da sunansa da sakamakonsa duk suna cikin wannan. Saboda haka a jadawalin tsarawa a keɓe gurbin da za a nuna ko an sami izini, kuma kada a saita hoton da gurbinsa bai cika ba.

5.0 Misali

A ɗauka ɗalibai huɗu aka ɗora wa kula da shafin Facebook na Ƙungiyar Hausa a zango mai mako 12, za su kuma wallafa sau uku a mako: ƙa'idar rubutu ranar Litinin, karin magana da sharhinsa ranar Laraba, gabatar da wani littafi ko marubuci ranar Asabar. Jimla saƙo 36 ke nan. Za su buɗe jadawali ɗaya mai gurbin rana, da sa'a, da jigo, da cikakken rubutu, da hoto, da sunan marubuci, da na mai dubawa, da matsayin aikin. A makon farko za su cike gurbin jigo na dukan zangon, amma rubutun mako biyu kawai za su kammala. Wanda ya rubuta ba shi zai duba ba.

Da yake kafa ɗaya ce, Meta Business Suite ta wadatar, ba sai an nemi ɗan tsakani ba. Idan daga baya suka ƙara X, a lokacin ne Buffer za ta yi amfani, kuma iyakar saƙo goma na nufin za a riƙa sake cika ta duk bayan mako uku. A nan ma sai an sake taƙaita rubutun, domin asusun X na kyauta harafi 280 yake ɗauka, sharhin karin magana kuwa yakan zarce haka. Kwafin da za a tura zauren WhatsApp na 'yan aji, mutum ɗaya ne zai riƙa aikawa da hannu.

Saura aiki ɗaya da ba a saita masa lokaci a na'ura. Idan saƙon Litinin ya fita, wani ɗalibi zai tambaya ko “ko'ina” ake rubutawa ko “ko ina”, wani kuma zai kawo yadda ake faɗar karin maganar a Sakkwato ko a Damagaram. Dole a sami wanda zai amsa a ranar. Don haka a jadawalin a ƙara gurbi na ƙarshe, a rubuta sunan mai jiran tambayoyi na kowane mako, da sunan wanda zai karɓe shi idan ya tafi gwajin koyarwa.